14mm f/1.8, 20mm f/1.8 ko 24mm f/1.4? A kusurwar hoto ake gane lensin kirki

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambaya. Yana da kyamara marar madubi mai cikakkiyar sensa, wato mai girman milimita 36 da 24, yana kuma neman lensi guda ɗaya mai faɗin gani da zai ɗauki taurari da dare, ya kuma ɗauki mutane a cikin ɗaki inda haske ya yi ƙaranci. Hankalinsa ya tsaya a kan uku: 14mm f/1.8, 20mm f/1.8 da 24mm f/1.4. Ya ce ya karanta sharhi har ya gaji, wannan ya yaba lensi, wancan ya kushe shi, ya rasa wanda zai gaskata. Ta yaya ake kwatanta su?

Ɗan'uwa, rikicewar da ka yi tana da dalili. Masu sharhin yawancinsu gaskiya suke faɗa, sai dai kowa da inda ya kai idonsa. Mai ɗaukar fuskoki ya buɗe hoto ya duba tsakiya, ya ga gashin ido ɗaya bayan ɗaya, ya ce lensin ba shi da na biyu. Mai ɗaukar taurari ya nufi kusurwa kai tsaye, ya tarar kowane tauraro ya fito da fikafikai kamar tsuntsu, ya ce asarar kuɗi ne. Kusan duk lensin da aka ƙera a shekarun nan yana da kaifi a tsakiya, don haka tsakiya ba za ta raba maka gardama ba. A kusurwa gizo ke saƙa, musamman idan ƙofar haske tana buɗe har ƙarshe, wato a daidai lambar da ta sa ka biya kuɗi masu yawa.

Bari mu fara da lambar kanta. Lambar f rabo ce: tsawon lensi a raba da faɗin ƙofar da kake hangowa idan ka leƙa ta gaban gilashin. Lensin 24mm a f/1.4 ƙofarsa kusan milimita 17 ce. Na 20mm a f/1.8 milimita 11. Na 14mm a f/1.8 bai kai milimita 8 ba. Ga hasken bango ko na fuska, lambar f ce ke aiki, kuma f/1.4 ta ninka f/2.8 sau huɗu a yawan haske, ta kuma fi f/1.8 da kashi biyu cikin uku na mataki, kowane mataki kuwa ninki biyu ne na haske. Amma tauraro ɗigo ne, hasken da za ka tara daga gare shi ya dogara ne da girman ƙofar kanta. A nan 24mm f/1.4 yana kwasar kusan ninki biyar na abin da 14mm f/1.8 yake kwasa daga tauraro guda a cikin daƙiƙa ɗaya.

Sai dai ƙasa tana juyawa, digiri 15 a kowace awa, kuma gajeren lensi ya fi haƙuri da wannan. A sensa mai fiksil miliyan 24, tauraron da ke saitin layin da ya raba duniya biyu, inda taurari suka fi gudu, yana tsallake fiksil ɗaya cikin daƙiƙa uku da ɗoriya idan lensin 24mm ne, amma a 14mm sai ya ɗauki kusan shida. Tsohuwar ƙa'idar nan ta raba 500 da tsawon lensi don samun daƙiƙoƙin da za ka bar kyamara a buɗe, daga zamanin fim ta fito, ta yi sassauci ga sensa ta yau. Ni nakan rage abin da ta ba ni zuwa rabi.

Yanzu ga lissafin da nake so ka riƙe. Idan 24mm ɗin da ka saya sai ka tsuke shi zuwa f/2 kafin kusurwoyinsa su gyaru, ƙofarsa ta koma milimita 12. Na 20mm a f/1.8 yana da 11, ga shi kuma yana ba ka ƙarin lokaci kaɗan kafin taurari su fara ja. Sun yi kunnen doki ke nan. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kowane lensi ita ce: a wace lamba kusurwarka take zama abin nunawa? Wannan lambar ce ainihin saurinsa a wurinka, ko me aka rubuta a jikin kwali.

Me ya sa haɗa faɗin gani da babbar ƙofa yake da wuya haka? A kan sensa mai milimita 36 da 24, lensin 24mm yana ganin digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa, na 20mm digiri 94, na 14mm kuwa 114. Haske yana shigowa a karkace ƙwarai, ya kuma biyo ta gefen gilashi inda lanƙwasa shi daidai ya fi wahala. A zamanin kyamara mai madubi akwai ƙarin matsala: madubi yana buƙatar wurin lilo. Tazarar bakin kyamara zuwa sensa milimita 46.5 ce a Nikon F, 44 a Canon EF. Lensin 24mm na gargajiya da zai zauna kusa da fim, sai madubi ya doke shi. Pierre Angénieux na Faransa ya fitar da mafita a 1950 da lensinsa na 35mm f/2.5 mai suna Retrofocus: a sa gilashi mai baza haske a gaba, mai tattarawa a baya, lensin ya ja da baya ba tare da ya rasa faɗinsa ba. Dabarar ta yi aiki, amma da tsada. Lensin da gabansa da bayansa suka yi kama da juna, irin Biogon da Ludwig Bertele ya zana wa Zeiss, yana soke wasu aibobi da kansa: lanƙwasar layi, rabewar launi a gefe, da wutsiyar tauraro. Da aka karya wannan daidaito, sai aka koma gyara su da ƙarin gilasai, shi ya sa lensin ya yi ta ƙiba. Canon ta kai ga 24mm f/1.4 tun 1975, amma sai a 2015 Sigma ta fitar da 20mm f/1.4 na farko ga cikakkiyar sensa, mai nauyin giram 950.

Da madubi ya fita, tazarar ta koma milimita 18 a Sony E, 20 a Canon RF, 16 a Nikon Z. Mai zane ya samu damar kai babban gilashi har kusa da sensa. Ka kwatanta: 14mm f/1.8 na Sigma na 2017 ya haura kilo ɗaya, na Sony na 2021 giram 460 ne. Tunda kyamararka marar madubi ce, ka fi mai da hankali kan lensin da aka zana mata tun asali. Kada kuma ka ɗauka duk lensin da ya shahara a wata kyamara zai zo da halinsa idan ka ɗaura shi da mahaɗi. A gaban kowace sensa akwai siririn gilashi, kaurinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma an san yadda wasu gajerun lensin Leica M suke dusashewa a kusurwa idan aka sa su a kyamara mai gilashi mafi kauri.

To, me za ka duba a kusurwar?

Na farko shi ne wutsiya, abin da littattafan sana'ar ke kira koma saboda kamanninsa da tauraruwa mai wutsiya. Ɗigon haske da ya kamata ya zama zagayayye sai ya fito da jela, ko fikafikai biyu a gefe da gefe. Da rana ba za ka cika lura da shi ba, sai dai ka ga ganyen da ke kusurwa ya yi laushi kamar an shafa masa mai. Da dare kuwa ba ya ɓuya. Tun 1977 Nikon ta ƙera Noct-Nikkor 58mm f/1.2 musamman don maganin wannan, da gilashin gaba da aka goge da hannu, ka ga ke nan tsohuwar damuwa ce. Abin daɗin shi ne wutsiya tana jin magani da wuri: ka tsuke ƙofa mataki ɗaya, girmanta ya ragu da kusan rabi. Yawancin tsofaffin 24mm f/1.4 na zamanin madubi, har da na manyan kamfanoni, sai a f/2.8 suke natsuwa a kusurwa. Sababbin da aka zana bayan 2018 da yawa sun rage wannan tazarar sosai.

Ɗan'uwanta shi ne gicciye. A nan layukan da suka nufi tsakiyar hoto da waɗanda suka kewaye ta ba sa haɗuwa a wuri ɗaya. Ka juya zoben saiti, wanda ake daidaita nisa da shi, tauraro ya miƙe a tsaye, ka ƙara juyawa ya kwanta, a tsakani ya zama ɗan gicciye. Wannan ya fi taurin kai, tsuke ƙofa yana rage shi a hankali ne kawai, kuma babu manhajar da za ta mayar maka da shi ɗigo.

Abu na uku shi ne wanda ya fi yaudarar masu gwaji, kuma ina so in daɗe a kansa. Sensa shimfiɗaɗɗiya ce, amma filin da lensi yake saita haske a kai sau da yawa ya lanƙwashe kamar kwano, wani lokaci ma kamar igiyar ruwa. Idan ka saita tsakiya, kusurwa ta fita daga saiti, sai ka ce kusurwar ba ta da kaifi, alhali kaifin yana nan, a wata tazara yake. Gano shi ba wuya: ka saita a tsakiya ka ɗauka, sannan ka saita a kusurwa ka sake ɗauka. Idan kusurwar ta farfaɗo a hoto na biyu, lanƙwasar fili ce. Idan ta ƙi, aibin na cikin gilashi ne. Bambancin yana da muhimmanci ga ayyukanka biyu. A cikin ɗaki, inda kake saita kan fuskar mutum ɗaya duk inda yake tsaye, lanƙwasar fili ba ta dame ka ba. A sama kuwa, inda dukkan taurari suke a tazara ɗaya, babu wurin ɓoye ta. Dabarar da nake yi ita ce in saita a kan tauraron da ke kamar sulusin hanya daga tsakiya zuwa gefe, in raba asarar, tsakiya ta ɗan sadaukar, kusurwa ta samu. Ka kuma sani cewa siffar wannan fili tana canzawa da tazara. Shi ya sa sakamakon allon gwaji da aka kafa a mita ɗaya ko biyu ba ya gaya maka abin da zai faru a nesa. Tun 1967 Nikon ta fara sa gilasai masu motsi dabam-dabam a cikin 24mm f/2.8 don lensin ya riƙe ingancinsa a kusa da nesa, kuma yau kusan kowa yana yin haka, amma har yanzu kowane lensi da tazarar da ya fi so.

Sai duhun kusurwa. Kashi biyu ne. Akwai na halitta, wanda karkacewar haske ke jawowa: a lissafi mai sauƙi, kusurwar 24mm tana rasa fiye da mataki ɗaya da rabi, ta 14mm fiye da uku, ko da yake masu zane suna da dabarun rage shi. Akwai kuma wanda bututun lensin ke jawowa ta hanyar tare gefen ƙofa, shi ne yake sa ɗigon fitilu na gefe su zama kamar idon kyanwa, kuma shi yana tafiya idan ka tsuke. A buɗe, mataki biyu zuwa uku ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan lensin. Mutane sukan ce ai manhaja za ta gyara. Za ta haskaka, gaskiya ne, amma hasken da bai shigo ba bai shigo ba. Idan ka ɗauka a ISO 3200 (ISO shi ne yawan ƙarfafa siginar sensa) ka ɗaga kusurwa mataki uku, ka kai ta matsayin 25600, da duk tsakin da ke tattare da haka. Lensin f/1.4 mai duhun mataki uku, a kusurwa hasken f/4 yake ba ka.

Rabewar launi ma iri biyu ce. Wadda ke fitowa a gefen hoto, ja a wannan ɓari shuɗi a wancan, tsuke ƙofa ba ya taɓa ta, amma manhaja tana share ta da dannawa ɗaya, don haka ba na hana lensi maki saboda ita sai ta yi yawa. Ɗayar ita ce mai ciwo: shunayya a gaban wurin saiti, kore a bayansa, ko'ina a cikin hoto. Za ka gan ta a gefen farar riga a gaban taga, ko kewaye da taurari masu haske. Tana raguwa idan ka tsuke, amma goge ta a kwamfuta yakan tafi da launin gaskiya. Canon ta sa wani sinadari na musamman mai lanƙwasa shuɗin haske a cikin 35mm f/1.4 na 2015 saboda wannan kaɗai.

Lanƙwasar layi ba zan daɗe a kanta ba. Kumburi irin na ganga yana gyaruwa cikin sauƙi, mai siffar gashin baki sai da bayanan lensin a cikin manhaja. Abin lura kawai shi ne lensin zamani da yawa an bar musu lanƙwasa da gangan don a rage girma, kyamara ta miƙe ta a ɓoye, kuma miƙewar tana jan fiksil na kusurwa, ta rage kaifi kaɗan. Kada kuma ka haɗa wannan da faɗaɗar fuskar wanda ya tsaya a gefen hoto. Wannan ba aibin gilashi ba ne, sakamakon shimfiɗa faffaɗan gani a kan takarda ne, kuma duk tsadar lensi ba ta hana shi. A 24mm ana iya zama da shi. A 14mm kan mutum yakan miƙe har mai hoton ya ƙi karɓa.

Ga aikin cikin ɗaki akwai abin da ya fi kaifi muhimmanci, wato yadda lensi yake yi idan fitila ta shigo cikin hoto. Faffaɗan lensi ba ya iya kauce wa fitilu. Wanda aka yi wa gilashinsa shafi mai kyau na rage ƙyalli zai riƙe baƙinsa, marar kyau zai yi hazo ko ya jero ɗigogi kore a ƙetaren hoton. Ka gwada da fitila a ciki, sannan da fitila a dab da gefe ta waje, domin sau da yawa ta wajen ta fi ɓarna.

Game da zanen MTF, wato jadawalin kaifin lensi da kamfanoni ke wallafawa: daga hagu tsakiyar hoto ce, zuwa dama milimita 21.6 wato kusurwa. Layukan sama, na 10, wato gwajin layuka baƙi da fari goma a kowace milimita, suna nuna ƙarfin bambancin baƙi da fari, na ƙasa, na 30, suna nuna ƙananan bayanai. Inda cikakken layi da mai ɗigo-ɗigo suka rabu da nisa, ka yi zaton gicciye ko rabewar launi a wurin. Yana da amfani wajen kwatanta lensi biyu na kamfani ɗaya. Tsakanin kamfanoni kuwa ka yi hattara, domin yawancinsu lissafin kwamfuta ne na lensin da babu kuskure a haɗa shi, Zeiss ce aka sani da wallafa abin da ta auna a jikin lensi na gaske, ita kuma a 10, 20 da 40 take aunawa. Haka nan lambobin kaifi na shafukan gwaji ba sa kwatantuwa idan ba a kan sensa iri ɗaya aka yi su ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da sharhi ba zai taɓa gaya maka ba: halin kwafin da zai zo hannunka. Lensi irin wannan yana ɗauke da gilasai goma sha uku, sha huɗu ko fiye, kuma karkacewar ɗaya da abin da bai kai kaurin gashi ba ta isa ta ɓata ɓari guda. Roger Cicala na kamfanin hayar lensi Lensrentals ya shafe shekaru yana auna kwafi goma-goma na lensi iri ɗaya a kan na'ura, ya nuna cewa bambanci tsakanin kwafi abu ne na kullum, kuma faffaɗan lensi mai babbar ƙofa yana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Na taɓa sayen wani 24mm da kowa ke yabo. Daren farko na dawo na buɗe hotuna, kusurwoyi uku taurari ɗigo-ɗigo tsaf, ta ƙasa a hagu kuwa kowanne ya zama ɗan waƙafi. Na zaci hannuna ne ya taɓa zoben saiti. Washegari na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na nufi wani dogon ƙarfen sadarwa mai nisa, na saita sau ɗaya da hannu, na sa kan ƙarfen a kowace kusurwa bi da bi ba tare da na sake taɓa saiti ba. Hotuna huɗu, na jera su a allo. A uku ina ƙirga sandunan ƙarfen, a ta huɗu sun narke sun zama abu ɗaya. Na mayar aka canza mini, na biyun ya fito lafiya, kuma da shi nake aiki har yau.

Gwajin nan minti goma ne, ka yi shi a ranar da lensi ya iso, tun kana da damar mayarwa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kashe gyare-gyaren kyamara da mai hana girgiza, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu. Ka maimaita a buɗe, a f/2, a f/2.8 da f/4. Babu amfanin kwatanta su a f/11, domin a can siririyar ƙofa ta fara baza haske, duk sun zama ɗaya. Idan sama ta yi gajimare, fitilun gari daga nesa suna maye gurbin taurari, ko ka huda takardar alminiyom da allura ka rufe bakin tocila, ka ajiye ta a ƙarshen dogon fili. Ƙaramin bambanci tsakanin kusurwoyi kowane lensi yana da shi, kada ka sa wa kanka waswasi. Abin mayarwa shi ne wanda ka gani ba tare da ka ƙura ido ba.

Da ni ne a matsayinka, 14mm zan fara cirewa. Lensi ne mai ban sha'awa ga sama da manyan gine-gine, amma ga mutane a ɗaki bai dace ba, gilashin gabansa kuma ya turo waje, ba ya karɓar filta mai murɗawa. Saura biyu. Idan rabin aikinka ko fiye mutane ne, ka ɗauki 24mm f/1.4 na zamani, irin na Sony na 2018 mai giram 445: fuska ba ta miƙewa sosai, bayan mutum yana ɗan narkewa ya fito da shi, kuma a can kana cin moriyar f/1.4 gaba ɗaya tunda ba ruwanka da kusurwa. Idan sama ce ta fi jan ranka, 20mm f/1.8 ya fi kwanta mini. Na Sony mai giram 373 da na Nikon Z mai giram 505, duka na 2020, an zana su ne da daren a zuciya, ƙarin digiri goman nan kuma yana ba ka wurin sa bishiya ko dutse a ƙasan hoto ba tare da ka yanke sama ba.

Ko wanne ka ɗauka, kada ka dogara da alamar nesa marar iyaka (∞) da ke jikin zoben saiti. Lensin zamani suna wuce ta da gangan, domin gilashi da ƙarfe suna motsi da zafi da sanyi. Ka ƙara girman tauraro a allon kyamara, ka juya a hankali har ya zama mafi ƙanƙanta, sannan ka sake dubawa bayan kamar awa ɗaya idan dare ya ƙara sanyi.